GTI, Performance, Clubsport ko Golf R: kada yawan doki ya ruɗe ka

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta mu leƙa gareji, domin motar zamani ma ai kwamfuta ce mai taya huɗu, kuma irin ruɗin da ake yi wa mutane da lambobi a kasuwar waya shi ake yi musu a kasuwar mota. Yadda ake ce maka kyamara mai megafiksel 108 dole ta fi mai 50 kyan hoto, haka dillali zai ce maka mota mai doki 300 dole ta fi mai doki 230. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba, kuma zan yi amfani da gidan Golf in nuna dalili.

Golf ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Golf 2 da Golf 3 sun daɗe suna jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin garuruwa da kasuwannin ƙauye, har wasu sun ɗauka Volkswagen don wahala kawai ta ƙera ta. To amma a cikin gidan nan akwai wani ɗaki na masu zafin gudu, ƙananan motoci masu guntun baya waɗanda aka sa wa injin da ya fi jikinsu ƙarfi. Tun 1976 aka fara da GTI ta farko, mai doki 110 da nauyin da bai wuce kilo 810 ba sosai. Maganarmu ta yau a kan Golf 7 ce, wadda masu zafinta suka fara fitowa a 2013, domin ita ce yanzu kuɗinta ya sauko har ta fara shigowa a tokumbo daga Amurka da Turai. A cikinta akwai GTI zalla, akwai GTI Performance, akwai Clubsport da Clubsport S da TCR, sannan akwai Golf R. A waje duk kamarsu ɗaya, sai wanda ya sani. A kuɗi kuwa tazarar tana da yawa.

Ra'ayina tun daga farko: ga mutumin da zai sayi ɗaya da kuɗin guminsa, ya hau ta kullum a kan titunanmu da man feturinmu, GTI Performance ce ta fi cancanta. Kuma ƙarin dokin da ke cikinta shi ne abu mafi ƙarancin amfani a duk abin da aka ƙara mata.

Bari mu fara da injin, tunda nan ake ruɗin. Duk motocin nan injinsu ɗan gida ɗaya ne, mai lita 2.0 da turbo, wanda kamfanin ke kira EA888. A Turai GTI zalla ta fito da doki 220, Performance kuma 230. Golf R ta zo da 300. Da aka yi wa Golf 7 kwaskwarima a 2017, GTI zalla ta koma 230, Performance ta koma 245, R kuma 310. Kun ga matsala ta farko ke nan: idan mutum ya ce maka "mai 230 ce", bai faɗa maka komai ba tukuna. Za ta iya zama tsohuwar Performance, za ta iya zama sabuwar GTI zalla, kuma ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. Ga kuma wata ƙura: dokin Jamus da dokin Amurka ba ma'auninsu ɗaya ba. Na Jamus, wanda ake rubutawa PS, ya ɗan gaza na Amurka kaɗan, doki 100 na Jamus kusan 98.6 ne a Amurka. Sannan GTI ɗin da aka kai Amurka a 2015 an rubuta mata 210 ne, mai Performance kuma 220. Saboda haka 220 a takardar Amurka ta wannan shekara Performance ce, 220 a takardar Jamus kuma GTI zalla ce. Wanda ya dogara da lamba kaɗai, wallahi sai an sayar masa da abin da bai nema ba.

To mene ne doki goma ya ƙara? A lissafin kamfanin da kansa, GTI zalla tana tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a sa'a cikin sakan 6.5, Performance kuma 6.4. Kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ƙiftawar ido ma ta kai haka. Babu direban da zai ji wannan bambancin a jikinsa, duk wanda ya ce yana ji, bakinsa ne kawai. Da a ce doki goman nan ne kaɗai bambancin, da ni ne farkon wanda zai ce kada ka ƙara ko naira ɗaya a kai.

Abin da kake saye a Performance abu biyu ne, kuma duka biyun ba sa fitowa a lambar da dillali ke ɗaga murya a kai.

Na farko wata na'ura ce da ke tsakanin tayoyin gaba, sunanta VAQ. Sai na ɗan tsaya a nan, don idan ba a gane aikinta ba, ba za a gane sauran maganar ba. GTI tayoyin gaba ne ke janta. Duk mota tana da abin da makanikai ke kira difarensha, wato abin da ke barin tayar dama da ta hagu su juya da sauri daban daban, saboda idan ka sha kwana tayar waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Matsalar difarensha na gama-gari ita ce yana raba ƙarfi daidai wa daida, don haka iyakar ƙarfin da zai kai ƙasa shi ne abin da taya mafi rauni za ta iya riƙewa. Kowa ya taɓa ganin mota ta maƙale a yashi, taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa ƙasa, ɗayar kuma tana zaune kamar ba da ita ake ba. To abin da ke faruwa ke nan a kwana idan ka taka totur: nauyin mota ya koma tayar waje, ta ciki ta yi sakayau, sai ta fara zamewa, ƙarfin injin ya tafi a banza, hancin motar kuma ya fara neman bakin titi maimakon ya bi inda sitiyari ya nuna.

GTI zalla tana maganin wannan da dabara ta manhaja. Kwamfuta tana ɗan matse birkin tayar ciki don kada ta zame, ana kiran tsarin XDS+. Yana aiki, ba a ce ba ya yi ba, amma ka lura da abin da ake yi: ana ba mota wuta da hannu ɗaya, ana riƙe ta da ɗaya hannun. Birki yana ɗaukar zafi, yana ci, ƙarfin kuma ana zubar da shi ne. Ita kuwa VAQ faifai ne na kuloci jere a cikin mai, da ƙaramin famfo na lantarki da kwamfutarsa. Da ta ga alamar tayar ciki za ta saki, sai ta matse faifan, ƙarfin ya karkata zuwa tayar da ke riƙe da ƙasa da kyau. Maimakon motar ta buɗe ta yi waje, sai ka ji kamar an ja hancinta zuwa cikin kwanar. Wannan kam ana jin sa, ko ba gwanin tuƙi ba ne. Kuma ba sai a filin tsere ba. Duk inda taya ɗaya take kan kwalta ɗaya kuma kan yashi ko tsakuwa, kamar lokacin da za ka hau babban titi daga gefen hanya da sauri kafin tirela ta iso, ko a shataletale bayan ruwan sama na farko ya jiƙa ƙurar da ta kwanta a kan kwalta, nan take nuna amfaninta.

Na biyu shi ne birki. Faifan birkin gaba na GTI zalla milimita 312 ne, na Performance 340, girman da ke kan Golf R. Na baya ma an ƙara masa girma, kuma irin mai ramukan shan iska ne a tsakiya. Babban faifai ba wai yana tsayar da mota da sihiri ba ne a takun farko, taya ce ke yanke wannan hukuncin. Amfaninsa shi ne ɗaukar zafi. Birki na farko kowace mota za ta yi. Na uku da na huɗu a jere, da mutum biyar a ciki da kaya a but, a cikin zafin watan Afrilu, nan ake gane wanda ya ci tuwo. Mu da muke tuƙi inda akuya, ɗan acaɓa, rami da shingen bincike duk za su iya fito maka cikin kilomita ɗaya, ina ganin birki ya fi mana doki daraja nesa ba kusa ba. Dokar hanya a Najeriya ma kilomita 100 a sa'a ta ba ƙaramar mota a babban titi, kuma mafi rauni a cikin motocin nan tana ninka wannan har da ɗoriya. Gudu ba shi ne abin da ya yi ƙaranci ba.

Yanzu Golf R. Kada a ce na rage mata, mota ce ta gaske. Da giyar DSG tana kai kilomita 100 cikin sakan 4.9, wato tazarar sakan ɗaya da rabi tsakaninta da GTI, kuma wannan kam har fasinja sai ya ji a bayansa. Turbonta ya fi girma, ita tana da IS38, GTI tana da IS20. Sannan fowil ce, tsarin da suke kira 4Motion: a tafiyar yau da kullum tayoyin gaba ke yawancin aikin, idan an buƙata sai wani kuloci a baya, Haldex, ya kama ya tura ƙarfi ga tayoyin baya. A ƙasar da ake ƙanƙara wata huɗu a shekara, ko inda titi kullum a jiƙe yake, ba ni da ta cewa, R ce sarauniya.

Amma kowane abu da farashinsa, kuma ba na ranar saye kaɗai ba. R ta fi GTI nauyi da sama da kilo 100, kamar ka ɗora buhun masara biyu masu kilo 50 da ƙari ka hana a sauke su har abada. Ta fi shan mai. But ɗinta ya ragu daga lita 380 zuwa 343 saboda kayan fowil da ke ƙasa. Akwai ƙarin sanda mai kai ƙarfi baya, ƙarin difarensha, ƙarin famfo, ƙarin mai da za a riƙa canjawa. Idan famfon Haldex ya toshe, abin takaicin shi ne motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau da tayoyin gaba, mai ita yana ta alfahari da fowil alhali ya daɗe da rabuwa da shi bai sani ba. A tokumbon da ta yi shekara takwas ko goma, wannan abu ne da ya kamata a duba kafin a biya.

Babban abin da ya sa nake ja da baya a kan R shi ne zafi da fetur, kuma a nan ba ni kaɗai ba ne, kamfanin da kansa ya nuna hakan. Lokacin da Golf 7 R ta fito da doki 300 a Turai, wadda aka kai Ostareliya da Afirka ta Kudu doki 280 aka bar mata, saboda an sa su a jerin ƙasashe masu zafi. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Injiniyoyin da suka ƙera injin sun ga cewa a ƙasa mai zafi gara a rage masa doki 20 don ya zauna lafiya. To ina ga Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a bazara? Wadda za ka saya tokumbo daga Jamus an saita ta ne don iskar Jamus. Turbo aikinsa matse iska, iska idan an matse ta tana zafi, idan kuma da ma da zafinta ta shigo, sai kwamfuta ta fara rage ƙarfi don kare injin.

Fetur ma haka. A Turai idan ka shiga gidan mai za ka zaɓa tsakanin mai lamba 95 da mai lamba 98, wato ma'aunin oktan, yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da kansa. R an fi so a ba ta 98. Kai ɗan'uwa, tun da kake, an taɓa tambayarka a gidan mai a Kano ko Kaduna wanne kake so? Famfo ɗaya ne, abin da ya fito shi ne rabonka. Injin yana da na'urar da ke sauraron ƙarar fetur idan ya fara kamawa kafin lokacinsa, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi, ƙarfi ya ragu. Ma'ana dokin da ka biya kuɗinsa yana nan a takarda, amma a titi wani kaso ya tsaya a Jamus. Injin da aka fi matsa wa shi ya fi asara a irin wannan yanayi. GTI ɗin Amurka kuwa daga ta 2016 an yarda a zuba mata fetur na gama-gari, mai lamba 87 a ma'auninsu, wanda ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin Turai, duk da cewa cikakken ƙarfinta sai da mai tsadar. Wannan ya nuna maka wacce ce ta fi haƙuri da abin da za ta samu a nan.

Clubsport da 'yan uwanta ba zan daɗe a kansu ba, don da wuya ka gamu da su. An fito da Clubsport a 2016 don cikar GTI shekara 40, doki 265, kuma idan ka take totur har ƙasa tana ba da 290 na kimanin sakan 10. TCR ta 2019 tana da 290 kai tsaye, da DSG kaɗai. Dukansu suna da VAQ da babban birki, wato Performance ce aka ƙara wa yaji. Idan ka samu mai lafiya a kuɗin da bai yi nisa ba, ba laifi, sai dai maganar zafi da fetur ta shafe su kamar yadda ta shafi R.

Clubsport S ita ce abin labari. Guda 400 kacal aka ƙera a duniya, doki 310, giyar manuwal, ƙofa uku, tayoyin gaba kaɗai ke ja. A 2016 direba Benny Leuchter ya zagaye filin Nürburgring na Jamus da ita, mai tsawon kusan kilomita 21, cikin minti 7 da sakan 49.21, wanda a lokacin babu motar kasuwa mai jan gaba da ta taɓa yi. Abin lura a nan, da kamfanin ya tashi neman suna a wannan fili, bai ɗauki R mai fowil ba. Ya ɗauki mai jan gaba, marar nauyi, mai VAQ. Amma fa don a rage nauyi an cire kujerun baya gaba ɗaya, har na'urar sanyaya ɗaki sai wanda ya nema ake sa masa. Mota ba kujerar baya, ba AC, a garin da za ka kai yara makaranta ka biya ka ɗauki Hajiya zuwa gidan biki. A bar wa masu tara motoci kayansu. Guda 150 daga ciki ma Birtaniya aka kai, masu sitiyari a dama, waɗanda ba su dace da titunanmu ba.

Na san abin da wasu matasa za su ce: "Malam, ai sai in sayi GTI zalla mai araha in sa a yi mata rimap." Gaskiya ne, injin nan yana karɓar sabuwar manhaja sosai, ana haɗa kwamfuta a sake masa lissafi ya ƙara doki gommai ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Amma wannan hujja ai tawa ce, ba taku ba. Ta nuna cewa doki shi ne abu mafi araha a motar nan, fayil ne kawai ake turawa. Abin da manhaja ba za ta taɓa saukar maka ba shi ne faifan birki mai milimita 340 da kulocin VAQ. Waɗannan ƙarfe ne, ko motar ta zo da su daga masana'anta, ko ka kashe kuɗi mai yawa. Kuma idan ka ƙara wa GTI zalla ƙarfi, matsalar zamewar tayar ciki ƙaruwa za ta yi, birkin kuma yana nan yadda yake. Mai giyar manuwal ma an san kulocinta ba ya jure ƙarin ƙarfi, yakan fara suɓucewa. Sannan yawancin manhajojin nan an rubuta su ne don fetur mai oktan sama da wanda muke samu. Ni ban ga hikimar cire kariyar da injiniya ya bari ba a ƙasar da zafi da fetur suka riga suka cinye rabinta.

To idan ka yarda da ni, saura ka tabbatar abin da ake nuna maka Performance ce da gaske, domin tambari abu ne na 'yan kuɗi kaɗan, kowa zai iya mannawa. Jan rubutun GTI a bayan mota alama ce, amma kada ka tsaya a nan. Durƙusa ka leƙa ta cikin rim ɗin gaba: abin da ke matse faifan birki ja ne a dukansu, amma na Performance an rubuta GTI a jikinsa. Leƙa na baya ka ga ko faifan mai ramuka ne a tsakiya ko kuwa sulɓi ne guda ɗaya. Sai ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar da ke kan safaya taya, akwai farar takarda da aka manna mai ɗauke da lambobin motar. A motocin Turai na farko, injin mai harufan CHHB shi ne na doki 220, CHHA na 230 wato Performance, CJXC kuma na Golf R mai 300. Hanyar da ta fi duka, wadda ta dace da masu bibiyar harkar na'ura irinku, ita ce a haɗa mata kwamfutar bincike ta ramin OBD da ke ƙasan sitiyari. Manhaja irin VCDS ko OBDeleven za ta jero duk ƙananan kwamfutocin da ke cikin motar. VAQ tana da tata a lamba 32. Idan babu ita a jerin, to babu ita a motar, ko da an rubuta Performance da ruwan zinare. A Golf R kuma lamba 22 za ka duba, ta fowil, ka ga ko ta ajiye ƙorafi.

Masu sayen 'yar Amurka su kula da wannan tarkon. A 2015 da 2016 kayan Performance zaɓi ne, wani ya biya an sa masa, wani bai biya ba. A 2018 duk GTI ɗin Amurka an rubuta musu doki 220, amma mafi araha, mai harafin S, ba ta da VAQ kuma ba ta da babban birkin. Sai a 2019 aka sa wa kowace, da doki 228. Don haka S ta 2018 da S ta 2019 shekara ɗaya ce tsakaninsu a takarda, amma a ƙarƙashi motoci biyu ne daban. Akwai kuma wani bambanci da ba a cika faɗa ba: injinan Turai na farkon Golf 7 suna fesa fetur ta hanya biyu, kai tsaye cikin silinda da kuma ta hanyar shigar iska, wanda ke wanke bawul. Na Amurka kai tsaye kaɗai suke fesawa, don haka baƙin dauɗa yakan taru a bayan bawul ɗin shigar iska, wata rana sai an buɗe an kankare.

Kada kuma wani ya ɗauka na ce Performance ba ta ciwo. Duk gidan suna da lalura ɗaya da aka sani: famfon ruwa da gidan tamostat na roba ne, yakan fara yoyo. A ƙasa mai sanyi abin haushi ne kawai, a nan kuwa hanyar obahitin ce, don haka duba alamar busasshen ruwan lagireto a gefen injin, kuma ka sa kuɗin canja shi a lissafinka tun kafin ka saya. DSG mai giya shida tana son sabon mai duk kilomita 60,000, kuma nata na musamman ne, ba man giya na kowace otomatik ba. Ita kanta VAQ tana da ɗan manta da ake canjawa duk shekara uku, abin da da yawa daga masu motar ba su ma san da shi ba. Idan garinku babu makanike mai kwamfutar da ke karanta Volkswagen da kyau, to gaskiya duk maganar nan ba taka ba ce tukuna, daga GTI har R. Batun rim kuma, GTI an riga an sauke ta milimita 15 ƙasa da Golf ta gama-gari, R kuma 20. Rim mai inci 19 da siririyar taya kyau ne a hoto, ramin farko zai lanƙwasa shi. Tsaya a 18.

Golf 8 ma ta zo da irin wannan jeri, GTI 245, Clubsport 300, R 320, daga baya a 2024 GTI ta koma 265, R 333, aka kuma daina yi musu giyar manuwal. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne babu sauran GTI zalla da Performance daban. VAQ ta zama kayan kowace GTI tun daga masana'anta. Wato abin da a 2013 ake biyan ƙarin kuɗi a kansa, kamfanin ya ga cewa motar ba ta cika ba sai da shi.

Akwai wanda zan ce ya sayi R, ban hana ba: wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, yake da makaniken da ya san Haldex, kuma tashin farko daga danja shi ne abin da ke faranta masa rai. Kuɗinsa ne, kuma zai ji daɗinta. Amma idan mota ɗaya za ka riƙe, ga R ga Performance a gabanka masu shekaru ɗaya da lafiya ɗaya, ɗauki Performance. Ragowar kuɗin ka sa mata sababbin tayoyi huɗu masu kyau, ka duba shekarar da aka buga a jikinsu, ka canja famfon ruwa, man DSG da man VAQ tun a makon farko, kafin ka fara tunanin salansa mai ƙara.